Ƙidayar Asuba a Lodz

Shida da kwata taragon lantarki ya sauke ni
bakin tsohuwar masaƙa mai jan bulo
wadda aka mayar ɗakin gwaji.
Na karkaɗe ƙanƙara daga takalmi,
na zura safar hannu,
na buɗe akwatin ɗumi inda 'ya'yana suka kwana.

Haka nake kiransu, kar ku yi dariya.
Ƙwayoyin huhun wani bawan Allah ne
da ban taɓa jin sunansa ba,
suna zaune a rijiyoyi casa'in da shida,
duka a faranti guda, faɗin tafin hannu.

Jiya da la'asar na ba su azurfa.
Ba zobe ba, ba warwaro ba.
Burbushi ne, in ka jera dubu biyu kafaɗa da kafaɗa
ba su kai kaurin silin gashi ba.
A cikin kwalba sai ka rantse shayi ne
wanda aka yi wa rowar ganye.

Kakata Bronislawa tana da cokalin azurfa ɗaya tak.
Cikin tulun madara yake kwana don kada ta yi tsami.
Da shi ta ba ni kunu,
da shi ta ƙwanƙwashi kan Wieslaw ranar da ya fasa taga.
Shekara tamanin da bakwai ta yi, cokalin bai cuce ta ba.
To, amma wa ya taɓa haɗiye cokali?

Na ɗiga shuɗin rini, na sunkuya kan madubi.
Mai rai ba ya shan baba,
yana rufe ƙofarsa, ya tsaya fari tas.
Matacce ne ke rinuwa.

Layin farko, masu shan ruwa zalla: lafiya lau,
sun baje kamar yara a tabarma.
Layi na uku, manyan burbushi: ɗan tari, ɗan yamutsa fuska.
Layi na bakwai, ƙananan nan,
ɗan hakin da aka raina,
nan na daɗe ban ɗago ba.

Ƙwayar ba ta san baƙo ba.
Ta ɗauka abinci ne, ta naɗe shi, ta kai shi ciki.
A cikin tsamin cikinta ya narke,
ya bi lungu har murhun da take hura numfashi,
ya yayyafa masa tsatsa.
Daga nan zaren gado ya fara tsinkewa,
a nan, a ginin da uwata ta yi shekara talatin
tana ƙulla zaren da ya tsinke.

Ba zan zagi azurfa ba.
Na ga hannun ɗan Halina bayan tafasasshen ruwa,
na ga bandejin da ya hana shi ruɓewa.
Wuƙar dai ce ba ta tambayar wuyan wa ta samu,
na ƙwayar cuta ko na mai gida.
Sai a san tsawonta, a san inda aka ajiye ta.

Wieslaw yana aiki a kamfanin safa.
Shi ke fesa wa zare wannan ruwan rawaya.
Ranar Kirsimeti ya miƙo mini ƙafa uku, yana washe baki:
sati guda, in ji shi, ba wari.
Ya yi tari sau biyu kafin a kawo kifi.
Sanyi ne, watakila. Ko taba.
Faranti ba mutum ba ne, na fi kowa sani,
na sha rubuta haka a ƙarshen rahoto.

Na danna maƙirgi da babban yatsa.
Shuɗi, shuɗi, fari, shuɗi.
Sittin da ɗaya cikin ɗari.
Na rubuta da biro, na sake ƙirgawa, ko na yi kuskure.
Sittin da uku.

Bakwai saura. Yanzu yana ɗaure igiyar takalmi.
Na cire safar hannun dama da haƙori,
abin da na hana ɗalibai yi,
na laluba waya.
Ba zan faɗa masa lamba ba.
Zan ce: takunkumin nan da suka ba ka,
yana fuskarka ko yana aljihu?